Kilomita 100 a kan keke: abin da na riƙa rubutawa mako-mako

Asabar, 7 ga Satumba

Yau na sauko da keken daga ƙusar da ya shekara shida a rataye. Keken titi ne, mai siraran tayoyi da kai lanƙwasasshe kamar ƙahon rago. Na hannu na saye shi lokacin da nake jin jini a jika, ban hau shi sau goma ba na rataye. Na kakkaɓe ƙura, na ɗiga wa sarƙa mai, na zo ba taya iska sai famfo ya ƙi ci. Na manta bawul ɗinsa siriri ne, irin wanda ake kira Presta, ba irin na mota ba. Sai an warware ɗan notin da ke bakinsa kafin iska ta shiga. Minti goma na ɓata ina zargin famfo.

Kilomita 12 na yi, na dawo ina tale ƙafafu kamar agwagwa. Abin mamaki, ba numfashi ne ya gaza ba. Wurare uku ne suka kai ƙara: mazaunai, gaban gwiwar dama, da yatsu biyu na hannun hagu da suka mutu murus, sai da na yi ta yarfe hannun kafin su farfaɗo. Nan na tuna dalilin da ya sa na rataye keken tun farko.

Ga niyyata: kafin shekarar nan ta ƙare in yi kilomita 100 a fita ɗaya, in sauka in zauna a kujera ba tare da na cije leɓe ba. Ba tsere zan yi da kowa ba. Shekarata 46, nauyina kilo 82, aikina na zama ne daga safe har yamma. Duk abin da na taɓa a jikin keken ko na saka a jikina, zan rubuta shi a nan.

Laraba, 11 ga Satumba

Na sayo sabon sirdi, faffaɗa, mai soso kauri kamar matashin kai. In ka danna shi da yatsa sai yatsan ya nutse. Na zaga unguwa minti goma, daɗi kamar me. Ina jin an gama da matsala ta farko.

Asabar, 14 ga Satumba

Ba a gama ba. Rabin awar farko lafiya lau. Daga nan sai wani zugi ya fara a matsematsi, ba a inda ya yi min ciwo makon jiya ba, can tsakiya, sannan wurin ya fara mutuwa kamar yadda ƙafa kan mutu in ka daɗe a tanƙwashe. Wannan ya fi na farko tayar min da hankali. A kilomita na 19 na sauka gefen titi na tsaya riƙe da keke.

Ina tsaye wani dattijo ya zo wucewa a kan tsohon keken ƙarfe, gemunsa fari fat, ƙafafunsa suna juyawa a natse kamar fanka. Ya wuce, ya juyo ya dawo.

“Sannu, ɗana. Faci ne?”

“A'a Baba, zama ne ya gagara.”

Ya dubi sirdina, ya danna shi da babban yatsa, ya yi murmushi. “Wannan katifa ce ka ɗaura, ba sirdi ba. Taɓa nawa.”

Na taɓa. Fata ce tsura, tauri kamar tafin takalmi, ta yi baƙi ta yi sheƙi, da ɗan lotsawa biyu a baya inda ƙasusuwansa suka yi wa kansu gurbi. Ya ce ya fi shekara ashirin a kansa.

Bayanin da ya yi min a tsaye a bakin titi ya fi duk abin da na karanta. A ƙasan ƙugu akwai ƙashi biyu, su aka halitta domin ɗaukar nauyin mai zama. In sirdi yana da ɗan tauri, su suke dafe shi, naman da ke tsakaninsu ya huta. In kuwa soso ne mai laushi, ƙasusuwan nutsewa suke yi, soson tsakiya ya tunkuɗo sama ya danne inda jijiyoyi da hanyoyin jini suke. Shi ya sa laushi yake yaudara: minti goma a gwaji ya yi daɗi, awa ɗaya a hanya ya zama azaba. Faɗin kuma da ya wuce kima cinya yake gurza. Ciwon ƙashin zama, in ji shi, na sabon shiga ne, mako biyu ko uku zai wuce. Amma mutuwar tsakiya ba abin da ake jurewa ba ne, in ka ji ta ka sauka ka gyara.

Kafin ya tafi ya ce, “Sirdinka ma ya yi ƙasa. Ka hau kamar mai zaman turmi. Je ka ka auna kanka tukuna, kada ka ƙara sayen komai.”

Lahadi, 15 ga Satumba

Ranar awo. Na yanko kwali mai kauri, na ɗora a kan matakala, na zauna a kai na ɗan sunkuyo gaba kamar ina kan keke, na ɗaga ƙafafu. Da na tashi ga rami biyu ƙanana. Daga tsakiyar wannan zuwa tsakiyar wancan milimita 125. Sirdin da ya zo da keken faɗinsa 130 ne a inda ya fi faɗi, wato ƙasusuwana a gefen gangara suke zama, ba a kan tudu ba. Abin da aka saba shi ne a ƙara kamar milimita 20 a kan awon ƙashi, saboda haka mai faɗin 143 zuwa 145 nake bukata. Maiɗakina ta same ni ina auna kwali da tef, ta tsaya ta dube ni, ba ta ce komai ba ta wuce.

Sai tsawo. Na tsaya ba takalmi, baya jingine da bango, na matse littafi mai kauri tsakanin cinyoyi har sama, na auna daga ƙasa zuwa bakin littafin: santimita 84. Akwai lissafin da ake jingina wa Greg LeMond, Ba'amurken da ya ci tseren Tour de France a 1986 da 1989 da 1990: a ninka wannan awo da 0.883, abin da ya fita shi ne nisa daga tsakiyar gindin feda zuwa saman sirdi. Nawa ya ba da 74.2. Na auna yadda keken yake: 70 cif. Santimita huɗu! Ba mamaki gwiwa ta yi kuka.

Asabar, 21 ga Satumba

Sabon sirdi, faɗi 143, soso kaɗan mai tauri, da tsaga a tsakiya. Na daidaita shi ya kwanta sosai, hancin bai kalli sama ba bai kalli ƙasa ba. Tsawo ban kai shi 74 kai tsaye ba, na tsaya a 72, don jijiyar da ta saba da wuri ba a fizge ta rana ɗaya. Kilomita 24. Ƙasusuwan zama sun yi tsami, amma tsakiya lafiya, gwiwa kuma ta rage ƙorafi. Katifar nan na ba yaron maƙwabta, shi da ba ya wuce minti goma a kan keke za ta yi masa daidai.

Asabar, 28 ga Satumba

Cikin mako na riƙa ƙara rabin santimita duk fita, har na kai 74.2 ɗin LeMond. Yau kilomita 30, sai ga sabon baƙo: bayan gwiwa yana ja, kuma na lura ƙuguna yana rangaji hagu da dama, kamar ina miƙa ƙafa in taɓo feda a ƙasa. Ƙa'idar da masu keke suke faɗa ta tabbata a jikina: ciwo a gaban gwiwa, yawanci sirdi ya yi ƙasa, ciwo a bayanta, ya yi sama. Lissafin bai san kaurin takalmina ba, bai san jijiyoyin bayan cinyata sun sandare da zaman ofis ba.

Na gwada da dabarar diddige. Ka jingina da bango, ka ɗora diddige a kan feda tana can ƙasa. Ƙafa ta miƙe sak ba tare da ƙugu ya karkata ba. In ka mayar da tudun tafin ƙafa kan fedar, sai gwiwa ta ɗan lanƙwashe, yadda ake so. Wannan ta kai ni 73.5. Nan na tsaya, na naɗa ɗan tef a sandar sirdi daidai wurin, ko wani ya taɓa zan gane.

Asabar, 5 ga Oktoba

Batun wando. Na daɗe ina kauce masa.

Da tafiya ta kai kilomita 35, fatar cikin cinya ta fara salewa. Na duba wandon motsa jikin da nake sakawa: ɗinki huɗu ne suka haɗu a tsakiya, suka yi ƙulli daidai inda nake zama. In ƙafa tana juyawa sau 70 a minti, awa biyu juyi 8,400 ke nan, kowane juyi ƙullin nan yana goga fata mai gumi. Ko dutse ne ya ji.

Wandon keke ba shi da wannan ɗinki. A ciki an manna wani falle mai ɗan soso wanda yake bin jiki, ya tsotse gumi, ya motsa tare da fata maimakon ya goge ta. A da, da fatar gaske ake yin fallen, mai laushi irin ta wata dabba mai kama da akuya da ke duwatsun Turai, in an wanke ta bushe ta ƙandare sai an shafa mata mai. Yanzu na roba ne da soso. Abu biyu ne ba wanda ya gaya min sai da na tambaya: ba a saka ɗan kamfai a ƙarƙashinsa, don ɗinkin kamfan zai dawo da matsalar da aka gudu, kuma duk fita sai an wanke, ba a zama da shi bayan an sauka, in ba haka ba ƙuraje da maruru su biyo baya.

Matsewarsa ce ba ta kwanta min ba. Na tsaya gaban madubi na ce a'a, ba da ni ba. Mafita: na saka shi a ciki, na ɗora sakakken wando marar nauyi a sama, na ɗaure bakin ƙafar dama kada sarƙa ta cafke shi. Masu tsere za su ce iska tana kama shi. Ta kama, ba inda nake sauri.

Asabar, 12 ga Oktoba

Na yi wauta. Daren jiya na sunkuyar da hancin sirdi kaɗan, na kuma tura shi gaba santimita ɗaya, na kuma canja takalmi, duk a zama ɗaya. Yau a kilomita na 20 kafaɗu suka ɗauki zafi, hannaye suka mutu fiye da kullum, gwiwa ta dawo da tsohon zancenta. Wanne ne mai laifi a cikin ukun? Oho. Dole na mayar da komai yadda yake, mako guda ya tafi a banza.

Daga baya na gane na hancin: in ya kalli ƙasa, jiki zamewa yake gaba, hannaye su yi ta tokare shi, nauyin da ya kamata ƙugu ya ɗauka ya koma kan tafin hannu. Daga yau abu ɗaya nake canjawa, in hau sau biyu, in rubuta, sannan in taɓa na gaba.

Laraba, 16 ga Oktoba

Aiki ya hana fita tun Asabar. Na wanke keke kawai.

Asabar, 19 ga Oktoba

Saura hannaye. Yatsun da suke mutuwa kullum su ne ƙaramin da na kusa da shi. Ba haka kawai ba ne: akwai jijiyar da take bi ta gefen tafin hannu, ɓangaren ƙaramin yatsa, ita take ba yatsun nan biyu ji. Ita ce dai wadda in ka bugi gwiwar hannu kake jin kamar lantarki. Daidai kanta nake ɗora nauyina, wuyan hannu a karye, gwiwar hannu a miƙe ƙam kamar sanda, duk ramin da taya ta faɗa sai ya zarce har kafaɗa.

Na kai keken wurin mai gyara. Ya sa na hau, ya ja baya ya dube ni. “Maigida, keken nan ya fi ƙarfin hannunka. Miƙa kake kamar mai ɗauko abu a saman kabad.” Wuyan da ke riƙe da kan keken tsawonsa milimita 110 ne, ya sa min na 90, ya kuma juya shi ya ɗan kalli sama. Santimita biyu kacal, amma gwiwar hannu ta samu lanƙwasa, kafaɗu suka sauko daga kunnuwa.

Sai kuma wani abin kunya: kan keken titi wurin riƙo uku gare shi, ni ɗaya na sani. Akwai saman da yake miƙe, na hutawa da hawan tudu. Akwai kan robar birki, inda ake yin yawancin tafiya. Akwai ƙasan lanƙwasa, na gangara da shiga iska, inda birki ya fi kamawa. Amfanin ƙahon ke nan, ka riƙa sauya hannu duk bayan 'yan mintoci. Na ƙara da safar hannu marar yatsu mai ɗan soso a tafi. Tana taimakawa, amma in na raba lada, kashi mafi yawa na wuyan nan ne. Kilomita 42, yatsu goma duka a raye.

Asabar, 2 ga Nuwamba

Tayoyin da ke kan keken faɗinsu milimita 23 ne, ina dura musu iska har 110 a ma'aunin PSI, don a zamanin da na saye shi abin da ake faɗa ke nan: siririya, mai tauri, ita ce mai gudu. A kan kwalta mai santsi kamar madubi wataƙila. A kan titi na gaske, mai tsakuwa da faci, taya mai tauri tsalle take yi, kuma duk tsallen nan jikinka ne yake shanye shi. Su kansu masu tseren yanzu sun koma 28, wasu har 30. Dama can dalilin ƙirƙiro taya mai iska ke nan. John Boyd Dunlop, likitan dabbobi da ke zaune a birnin Belfast na tsibirin Ireland, a 1887 ya naɗa wa keken ɗansa mai ƙafa uku tiyo mai iska saboda jijjigar tayar roba tsura. Mu kuma muka zo muka dura iskar har ta koma kamar robar da ya gudu.

Na duba akwai sarari tsakanin taya da birki, na sa masu faɗin 28. Iska 78 a baya, 72 a gaba, tunda baya ya fi ɗaukar nauyi. Ban taɓa canja abu ɗaya na ji bambanci irin wannan ba. Titin da na sani da karkarwa ya koma kamar an shimfiɗa masa darduma, gudu kuma bai ragu ba.

Sai zari ya kama ni. Na ce in 78 da 72 sun yi daɗi, 55 za ta fi. Ranar Laraba na rage, na faɗa wani rami mai kaifin baki, na ji ƙwas, taya ta kwanta. Da na zaro tiyub, huda biyu ne gefe da gefe, shi ya sa masu keke suke ce masa saran maciji: iska ta yi kaɗan, taya ta lotse, bakin rim ya datse tiyub ɗin. Garin neman gira. Allah ya sa ina da tiyub na ajiya da ƙaramin famfo. Minti 25 na yi a gefen hanya, rabinsu kokawa da bakin taya. Na koma 78 da 72.

Asabar, 9 ga Nuwamba

Na sake haɗuwa da dattijon nan, wannan karon da abokan tafiyarsa su biyar. Ya dubi sirdin, ya dubi tayoyin, ya gyaɗa kai. “To, yanzu ka hau keke. Biyo mu.”

Tafiya cikin ayari wata duniya ce. Na gaba yana nuna rami da yatsa, na bayansa ya maimaita, har saƙo ya iso na ƙarshe. Ba a taka birki ba zato, ba a barin tayar gaba ta shiga gefen tayar bayan wani, don in ya karkata kai za ka sha ƙasa. Da muka juyo muka fuskanci iska, na laɓe a bayan wani mai faɗin kafaɗa sai na ji kamar an cire min kaya. Iska ita ce babbar abokiyar gabar mai keke a shimfiɗaɗɗen titi: in ka ninka gudunka biyu, turjiyarta ninki huɗu take yi, ƙarfin da za ka kashe a kanta kuwa ninki takwas. Wanda ya laɓe a bayan wani yakan huta da kusan kashi ɗaya cikin uku.

A wani dogon tudu suka bar ni. Ina tsaye a kan feda ina niƙa kamar mai daka, su suna zaune ƙafafu na wulwulawa. A sama dattijon ya jira ni. “Ɗana, gwiwa ba a sayar da ita. Ƙirga min sau nawa gwiwarka ta dama take tasowa a daƙiƙa 15.” Na ƙirga a fili: 16, wato 64 a minti. Ya ce in nemi 80 zuwa 90, in sassauta giya in bar huhu ya yi aikin, don huhu yana hucewa a minti biyu, gwiwa kuwa sai ta yi kwana uku tana fushi.

Matsalar, a tudu giyata ta ƙare. Ƙaramin farantin gaba haƙori 39 ne, mafi girman na baya 25. Da taya mai kewayen kusan mita 2.1, kowane juyin feda mita 3.3 yake tura ni, ko ina so ko ba na so. Mai gyara ya ce abin sauya giyar baya ba zai ɗauki fiye da 28 ba, aka sa mai 28, juyi ya sauko kusan mita 3. A takarda kaɗan ne, a tudu kuwa shi ne bambancin zama da tsayuwa. Ya kuma auna sarƙar: daga fil zuwa fil rabin inci ne, saboda haka gaɓa 24 ya kamata su ba da inci 12 cif. Tawa ta zarce da kusan milimita 2, ta lalace, da na bar ta da ta cinye sababbin haƙoran. Aka canja su tare.

Asabar, 16 ga Nuwamba

Na faɗi. A tsaye.

Na sa feda irin wadda takalmi yake maƙalewa a jiki. Kamfanin Look na Faransa ne ya yaɗa ta a 1984, daga dabarar maƙalar takalmin masu zamiya a kan ƙanƙara, Bafaranshen nan Bernard Hinault ya ci Tour de France da ita a 1985. Ni na zaɓi irin wadda ake kira SPD ta kamfanin Shimano, wadda ƙarfen yake ɓoye a cikin tafin takalmi, mutum ya iya takawa kamar kowa. Wajen ɗaurawa na kusa lalata zaren fedar hagu, ashe ita baibai ake murɗa ta.

Na yi gwajin cirewa sau talatin jingine da bango: murɗa diddige waje, ƙwas, ta fita. A mahaɗar titi ta farko na taka birki, keke ya tsaya, ƙwaƙwalwa ta ce ɗaga ƙafa, ƙafa ta ƙi. A hankali, kamar bishiyar da aka sare, na kwanta a gefen dama, keke manne da ni. Wani direba ya sauke gilashi ya ce, “Sannu Malam, ba ka ji ciwo ba?” yana danne dariya. Gwiwar hannu ce kawai ta kuje. 'Yan ayari sun ce kowa ya biya wannan harajin.

Kaina bai taɓa ƙasa ba, amma faɗuwar ta sa na duba hular kwanona. Tsohuwa ce tun sayen keken, ga tsaga siririya a cikin soson. Soson nan mai tauri an yi shi ne ya murƙushe sau ɗaya ya shanye bugu. Wanda ya tsage ya gama aikinsa. Na sayi sabuwa mai tambarin gwajin EN 1078 a ciki. Zamanta: faɗin yatsa biyu a saman gira, ba can ƙeya ba, igiyoyi su haɗu a ƙarƙashin kunne. Na ƙara da jar fitila mai ƙiftawa a baya, ina kunna ta ko da rana.

Asabar, 23 ga Nuwamba

Kilomita 78, mafi nisa zuwa yanzu. Sirdi, gwiwa, hannaye, babu wanda ya yi magana. Amma a wajen kilomita na 62 wani abu ya same ni da ban taɓa ji ba. Ba gajiya ba ce irin ta kullum. Ƙafafu suka zama kamar na aro, idanu suka fara ganin dishi-dishi, na ji haushin kowa da komai, har da alamar titi. Sukarin da jiki yake ajiyewa a tsoka da hanta bai wuce na awa ɗaya da rabi zuwa biyu na aiki mai ƙarfi ba, ni kuwa na yi awa uku ruwa kaɗai nake sha. Na zauna a inuwa na ci abin da ke aljihuna, bayan kwata na dawo mutum. Ba a jiran yunwa a kan keke, kamar yadda ba a jiran ƙishi.

Rigar auduga ma ta yi ritaya yau. Ta jiƙe sharkaf ta manne a baya, a gangara iska ta buga ta na ji sanyi har ƙashi. Rigar keke ta zaren roba gumi take turawa waje ya bushe, ga aljihu uku a baya inda ba sa damun cinya. Kwanaki ina yi wa aljihun nan dariya.

Asabar, 7 ga Disamba

Kilomita 101.4. Awa 4 da minti 52 a kan feda, da hutu uku ya kusa awa shida.

Na fita gari bai gama wayewa ba, gora biyu na ruwa, tiyub biyu, famfo, abin ci a aljihu. Na sa wa kaina doka: kurɓi duk kwata, loma duk minti 40, in tashi tsaye a kan feda na 'yan daƙiƙu duk minti goma jini ya zaga. Na fara da fuskantar iska don ta turo ni a dawowa, kuma ta cika alkawari. Awa biyun farko na riƙa danne kaina, ƙafa tana son gudu ina hana ta.

Dattijon ya raka ni daga kilomita na 30 zuwa na 70. Ba mu yi magana mai yawa ba, sai ƙarar sarƙa da taya. Da zai juya na ce, “Baba, yau fa ɗari zan cika.” Ya ce, “Madalla. Ka san akwai waɗanda suke tashi daga Paris su je garin Brest a can Faransa su dawo, kilomita 1,200, cikin awa 90? Tun 1891 ake yi. Saura maka goma sha ɗaya irin na yau.” Ya yi dariya ya kaɗa kan kekensa.

Daga 85 zuwa 95 ne suka yi tsawo. Ba inda yake ciwo takamaimai, jiki ne kawai ya ƙoshi da zama. Na riƙa ƙirga turakun lantarki. Da na iso ƙofar gida na'urar awon nisa tana nuna 98.9, sai da na zaga layi sau uku, yara suna kallona suna mamakin wanda ya zo gida ya kasa shiga. Na tuna na murɗa diddige kafin in tsaya.

Lahadi, 8 ga Disamba

Na zauna a kujerar katako na karya, ban cije leɓe ba. Cinyoyi sun yi nauyi wajen sauka daga matakala, shi ke nan. Wuya ne kawai ya ƙage ta dama, tun wajen kilomita na 80 na fara jin sa. Ina zargin tabarau: yana zamowa kan hanci in na yi gumi, sai in riƙa ɗaga kai fiye da kima don in hango gaba ta cikinsa. In ba shi ba ne, akwai zobe ɗaya na milimita 5 a saman wuyan keken da zan iya mayarwa ƙasa, kan ya ɗan ƙara tashi. Tabarau tukuna, fita biyu, sannan zoben.

Awo kamar yadda yake yau, kada in manta: sirdi 73.5, faɗi 143, a kwance, wuya 90, taya 28, iska 78 da 72.

Akwai kuma wani ƙas-ƙas da ya fara jiya a ɓangaren hagu, sau ɗaya duk juyi, sai in na taka da ƙarfi. Laraba zan kwance fedar in shafa wa zaren giris. Ta hagu ce, baibai ake murɗawa.